LAƁE A LAYIN INTANET: YADDA AKE TARE SAƘO TUN BAI BAR ƊAKI BA

Jawabin da kwamitin ilimi da wayar da kai ya gabatar a babban taron ƙungiya, Maiduguri



 Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muna gode wa shugabanni da suka ba kwamitinmu wannan dama. An umurce mu da mu yi bayani a kan wani nau'i na sata wanda ba a fasa ƙofa, ba a haura katanga, watau tare saƙon mutum a layin intanet na cikin gida ko shago ko ofis, a karanta shi ko a sauya shi, mai saƙon bai sani ba. A Hausance dai laɓe ke nan, sai dai mai laɓen yanzu ba ya buƙatar tsayawa a bayan zana.

ABIN DA YA SA BATUN YA SHAFE MU

Jama'a, kowa ya san kakanninmu fatauci da neman ilimi ne suka kawo su ƙasar Barno. Daga Hausari zuwa Gwange da Bulumkutu, da wuya ka sami gidanmu da ba shi da dangi ko abokin ciniki a Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi, Diffa ko Njamena. Wanda kuwa dukiyarsa ke tafiya nesa, rayuwarsa a kan saƙo take. Da can wasiƙa ce ake ba direba a Tashar Kano, ko a jefa a akwatin gidan waya, ko a bi layi a buga tarho a ofishin NITEL. Daga 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, al'amari ya sauya.

Mu mutanen wannan gari mun san darajar layin waya fiye da mutanen wurare da dama, domin mun ɗanɗana rashinsa. A watan Satumba na 2012 an kai wa turakun kamfanonin waya hari a nan Maiduguri da wasu garuruwan Arewa. A ranar 14 ga Mayu, 2013, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno, Yobe da Adamawa, bayan 'yan kwanaki aka katse layukan salula, a watan Yuni kuma sojoji suka hana amfani da wayar Thuraya. A wancan lokaci mutum sai ya yi doguwar tafiya kafin ya gaisa da iyalinsa, ko ya je ya bi layi a 'yan shagunan intanet masu faifan tauraron ɗan'adam. Sa'an nan a farkon 2023 ƙarancin takardun Naira ya tilasta wa kowa taransifa, har mai sayar da kifi a hanyar Baga da dillalin Kasuwar Shanu.

Yanzu ga shi waifai ya cika gari: a otal, a makaranta, a ofisoshin ƙungiyoyin agaji, a shagon buga takardu, a gidajen kwanan ɗalibai. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, wasu kan sayi na'ura ɗaya su raba layin da maƙwabta. Duk wannan ci gaba ne, muna kuma murna da shi. To amma duk inda mutane da yawa suka haɗu a layi ɗaya, akwai abin lura.

MENE NE LAYIN CIKIN GIDA?

Idan muka aika saƙo daga waya ko kwamfuta, na'urar kan yayyanka shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da adireshin mai aikawa da na mai karɓa a jikinsa. Zangon farko da ƙullin zai sauka shi ne ɗan akwatin nan mai ƙyaftawa da ke rataye a bango, wanda ke raba waifai. Daga nan ne yake fita zuwa kamfanin sadarwa, ya shiga duniya. Wayoyi da kwamfutoci da na'urar buga takarda da kyamarar tsaro da ke haɗe da akwati ɗaya, su ne ake kira layin cikin gida. Ku ɗauke shi kamar gidan haya mai zaure ɗaya: ɗakuna daban-daban, amma kowa ta zauren zai fita.

Mutane kan ɗauka ɓarawon intanet yana can wata ƙasa mai nisa. Akwai irin wannan. Amma wanda muke magana a kansa yau yana zaune a zauren nan, ko a benci ɗaya da kai, ko cikin mota a bakin titi. Bahaushe dai ya ce da ɗan gari akan ci gari.

HANYOYIN LAƁE GUDA HUƊU

Hanya ta farko ita ce saurare kawai. Waifai rediyo ne, iska ke ɗauke da shi, yana kuma ratsa bango ya fita waje. Kowace na'ura da ke kusa tana iya jin ƙullin da ke wucewa, sai dai an tsara ta ta ƙyale wanda ba nata ba. Mai mugun nufi sai ya sa manhajar da za ta ce wa kwamfutarsa ta kwashe kome. Idan waifai ɗin buɗaɗɗe ne, ba kalmar sirri, kuma saƙon ba a kulle yake ba, to ya karanta shi ke nan kamar wasiƙar da ba a liƙe ambulan ɗinta ba. Wannan ɓarawo ba ya taɓa kome, saboda haka ba ya barin sawu.

Hanya ta biyu ita ce shiga tsakani, kuma a nan muke so a saurara da kyau. Kowace na'ura tana da lambobi biyu: wadda masana'anta ta buga mata, da wadda akwatin waifai ya ba ta a lokacin da ta shigo layi. Idan wayarka tana son fitar da saƙo, sai ta yi shela ga duk na'urorin da ke layin, ta ce wa ke riƙe da lamba kaza? Mai lambar sai ya amsa. Wannan tsari sunansa ARP, wani masani mai suna David Plummer ne ya rubuta shi a 1982, lokacin da masu kwamfuta 'yan kaɗan ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kowa ya san kowa. Saboda haka ba a sa wata hanyar tantance mai amsawa ba. Duk wanda ya ce ni ne, an yarda.

Ku kwatanta da tasha. Ka zo da saƙon kuɗi kana tambaya ina motar Kano, sai wani ya yi wuf ya ce ga ni, kawo. Ya karɓa, ya buɗe, ya ga abin da ke ciki, ya liƙe, sa'an nan ya kai wa direban gaskiya, ya ce masa shi ne mai saƙon. Amsa ta dawo, ta hannunsa za ta biyo. Saƙo yana zuwa, amsa tana dawowa, kai ba ka ga alamar kome ba. Haka mai shiga tsakani yake yi: ya ce wa wayarka shi ne akwatin waifai, ya ce wa akwatin shi ne wayarka. Wannan ya fi na farko haɗari, domin bayan karantawa yana iya sauyawa, tamkar mugun dillalin da ke faɗa wa mai saye farashi ɗaya, mai sayarwa wani farashin.

Hanya ta uku ita ce waifai na jabu. Kowa na iya buɗe waifai a wayarsa ko a wata 'yar na'ura da ke shiga aljihu, ya sa masa sunan da ya ga dama. Sai ya sa sunan otal, ko na makaranta, ko ya rubuta cewa kyauta ne. Wayoyinmu kuwa suna da ɗabi'ar komawa buɗaɗɗen waifai da suka taɓa shiga da zarar sun ga sunansa, ba tare da sun tambaye mu ba. Da ka shiga, sai wani shafi ya fito ya ce sa adireshin imel da kalmar sirrinka, ko ka shiga da Facebook, kafin a ba ka layi. Abin da ka rubuta, hannunsa ya tafi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Hanya ta huɗu ita ce kama akwatin kansa. Kowane akwatin waifai yana da kalmar sirri biyu: ta shiga layi, wadda muke ba baƙi, da ta mai gida, wadda ake sarrafa akwatin da ita. Da yawa cikinmu ba mu ma san da ta biyun ba, tana nan yadda ta fito daga kwali, kuma irin waɗannan kalmomi sanannu ne, duk mai nema zai same su. Wanda ya shiga nan yana iya karkatar da duk masu layin, ka rubuta sunan shafin gaskiya, akwatin ya kai ka na jabu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA YA FARU A WASU WURARE

Kada wani ya ce wannan tatsuniya ce. Tun a Fabrairun 1994 cibiyar CERT da ke Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ta yi gargaɗin cewa an dasa manhajojin saurare a layuka, an kwashe kalmomin sirri na shiga dubun-dubatar kwamfutoci.

Makullin farko da aka yi wa waifai, mai suna WEP, ya fito a 1997. A 2001 wasu masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna yadda ake karya shi. Amma wasu kamfanoni suka ci gaba da amfani da shi. A 2005 wasu ɓarayi suka tsaya a wajen kantunan Marshalls a birnin Miami, suka shiga ta waifai mai wannan tsohon makulli, har suka kai ga kwamfutocin uwar kamfanin, TJX. Da abin ya bayyana a 2007, an ce katunan banki fiye da miliyan 45 ne abin ya shafa. Jagoransu Albert Gonzalez ya sami ɗaurin shekara 20 a 2010.

A Oktoban 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki wata 'yar manhaja mai suna Firesheep don ya kunyata manyan kamfanoni su gyara. Da ita, ko wanda bai san kome ba a kwamfuta zai zauna a gidan shan shayi mai buɗaɗɗen waifai, ya ga sunayen masu amfani da Facebook da Twitter a wurin, ya danna ya shiga shafinsu. A Afrilun 2018 kuma, hukumomin ƙasar Holan suka kama jami'an leƙen asirin sojan Rasha huɗu a birnin Heg, da mota cike da na'urorin kama waifai, sun ajiye ta a harabar otal da ke jikin ofishin hukumar hana makamai masu guba ta duniya. A 2024 'yan sandan Ostireliya suka gurfanar da wani mutum bisa zargin buɗe waifai na jabu a filayen jirgin sama da cikin jirage, yana kwashe kalmomin sirrin fasinjoji. Kun ga ke nan, daga ƙaramin ɓarawo har gwamnatoci, duk ta wannan ƙofa suke bi.

INA AKA KWANA A YAU?

To, ba mu zo don mu firgita kowa ba, gaskiya kuwa al'amari ya yi sauƙi ƙwarai a kan yadda yake a 2010. Dalili shi ne kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa, ta yadda ko an tare shi sai a ga tarkacen haruffa marasa ma'ana. Shafin da adireshinsa ya fara da https a kulle yake tsakaninka da shi, kuma yanzu yawancin manyan shafuka haka suke. Facebook ya mai da wannan tilas ga kowa a 2013. WhatsApp ya kulle duk saƙonninsa daga waya zuwa waya a Afrilun 2016. Manhajojin bankuna su ma suna kulle abin da suke aikawa. Lambobin nan da muke dannawa masu farawa da tauraro don tura kuɗi kuwa, ta layin salula suke bi, ba su ratsa waifai. An kuma sake wa waifai makulli: WPA2 a 2004, da WPA3 a 2018, bayan da wani masani ɗan Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano wani rauni a WPA2 a 2017, kamfanoni suka aiko da gyara.

Amma fa akwai sauran rina a kaba. Na ɗaya, ko an kulle saƙo, mai laɓe yakan iya ganin sunan shafin da ka shiga, da lokacin, da yawan abin da ya wuce. Bai ga me ka rubuta ba, amma ya san da wane banki kake hulɗa da kuma sa'ar da kake shiga. Wannan ya ishe shi ya bugo maka waya gobe ya ce daga bankinka ne, musamman in ya san ka. Na biyu, idan mai shiga tsakani ya yi ƙoƙarin buɗe kullen, waya kan fito da gargaɗi cewa layin nan ba amintacce ba ne. Da yawa cikinmu saboda gaggawa ko rashin jin Turanci sai mu danna mu wuce, mu buɗe masa da hannunmu. Na uku, shafin jabu ma yana iya samun https. Kulle yana nufin ba mai ji a hanya, bai ce wanda ke can ƙarshen mutumin kirki ne ba. Na huɗu, a tsarin WPA2 na kalmar sirri ɗaya ga kowa, wanda ya san kalmar yana iya kwance kullen waifai na sauran masu layin, in ya kama lokacin da suke shiga. Kalmar da aka rubuta a jikin bango kowa na gani, sunanta kawai sirri. Na biyar, tsofaffin wayoyi da kyamarorin tsaro masu araha da na'urorin buga takarda, da yawansu ba su samun gyara, wasu ma ba su kulle abin da suke aikawa.

SHARI'A DA DOKA

Malamanmu da ke nan sun fi mu sani, aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Buɗe saƙon wani a iska da buɗe wasiƙarsa a tasha duk abu ɗaya ne. Wannan ya haɗa da mai shago da ke leƙen abin da kwastomominsa ke yi, da yaron da ke gwada ƙwarewarsa a kan maƙwabta.

A ɓangaren hukuma, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi a sashe na 12 cewa wanda ya tare saƙon kwamfuta ba da izini ba zai iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ta kai Naira miliyan 5, ko duka biyun. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyin tsare su.

Muna kira ga matasanmu masu ilimin kwamfuta, musamman na Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat da masu gyaran waya a Kasuwar Jagwal. Wannan ilimi sana'a ce mai kyau, bankuna da kamfanoni suna biyan wanda zai tsare musu layi. Ku gwada a kan akwatinku ko inda aka ba ku izini. Mu a nan fiye da shekara ɗari muna zaune da 'yan'uwanmu Barebari da Shuwa da Babur da Margi a kan amana, ana ba ɗan kasuwarmu kaya bashi saboda sunan ubansa. Yaro ɗaya ya ɓata, unguwa duka za a kira.

SHAWARWARI

Ga duk mai waya:

1. Harkar kuɗi, a yi ta da datar layinka. A bar waifai na jama'a don kallo da karatu.
2. Kafin ka shiga waifai na otal ko ofis, tambayi ma'aikacin wurin ainihin sunansa. In ka ga biyu masu suna iri ɗaya, ka dakata.
3. Waifai da ya nemi kalmar sirrin imel ko ta Facebook ko lambar BVN, fita daga cikinsa nan take.
4. In gargaɗi ya fito cewa layi ba amintacce ba ne, kada a wuce shi. Wanda bai gane rubutun ba ya nuna wa wanda ya amince da shi.
5. A kashe waifai in an fita gida, a kuma goge sunayen waɗanda aka shiga a tafiya.
6. In waya ta nemi a sabunta manhajarta, a yarda, ko da zai ci data. A sa tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp da imel, kada kuma a faɗa wa kowa lambar da banki ya turo.

Ga 'yan kasuwa: in lambar asusun abokin ciniki ta zo a rubuce, musamman in an ce ta sauya, a buga masa waya a ji daga bakinsa, a kuma duba sunan da ya fito kafin a tura.

Ga masu shago da masu raba layi da maƙwabta: a sauya kalmar mai gida ta akwatin tun ranar da aka saye shi. A zaɓi WPA3 in akwai, in babu WPA2, a yi watsi da WEP. A sa kalma mai tsawo, ba lambar waya ko sunan shago ba, a riƙa sauya ta, musamman in yaron shago ya bar aiki. Yawancin akwatunan yanzu suna da layin baƙi daban, a buɗe shi ga kwastomomi, a bar kwamfutar lissafi da kyamara a nasu layin. A riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe, in an ga baƙuwa a cire ta. Takardun mutane da aka turo don bugawa, irin su katin ɗan ƙasa da sakamakon jarrabawa, a goge su bayan an gama, amana ce.

Wanda kuma ya ga an taɓa masa asusu, ya sanar da bankinsa a take a rufe, ya sauya kalmominsa daga wata na'ura, sa'an nan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Maiduguri. Kada kunya ta sa a yi shiru, domin shirun ne ke ba ɓarawo damar komawa kan na gaba.

KAMMALAWA

Daga ƙarshe, kwamitinmu yana roƙon shugabanni su amince a zaɓi matasa biyu ko uku masu ilimin kwamfuta kuma amintattu a kowace unguwa, su zagaya shagunan 'yan ƙungiya da makarantun Islamiyya su duba akwatunan waifai kyauta, a gaban mai wurin, shi kuma mai wurin ya rubuta kalmarsa da hannunsa. Muna kuma roƙon a ware zama na musamman ga iyayenmu mata, wanda 'yan'uwansu mata za su jagoranta, tun da yanzu da yawansu ta waya suke sana'arsu daga cikin gida. Waɗanda suka halarci wannan taro su kai wa waɗanda ba su zo ba, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ƙara wa Jihar Barno da Nijeriya zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.